Mutumin da Ya Raɗa wa Burodin Tsafe Suna

Ina tsaye a kan benci a garejin manyan motoci na bayan tasha, ina cike wa wata tsohuwar motar kaya, roka, lambarta da farin fenti, sai ga Abdullahi direba, mai jigilar Gusau zuwa Funtuwa. Kullum in ya shigo garejin nan da tsiya yake gaishe ni, ya ce rubutuna ya karkace. Ran nan babu tsiya, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Shu'aibu, sauko."

"Bari in ƙarasa wanga layi."

"Sauko dai."

Na sauko. Ya ce motar da ta tashi da hantsi zuwa Tsafe taya ta fashe mata bayan an wuce Kwatarkwashi, ta bar titi ta yi ta juyawa cikin gona. Shi yana kan hanyar dawowa ya tarar an jera mutane a gindin wata bishiya an lulluɓe su. Ya taimaka wajen ɗauka, a nan ya ga fuskar Dini.

Na yi salati, na zauna a kan bencin. Buroshin yana hannuna har fenti ya bushe a kansa. A kakar shekarar 1998 ne, ana girbin dawa.

Zaharaddini sunansa na yanka, amma tun muna aji ɗaya a firamare a Bunguɗu kowa Dini yake ce masa. A Nahuce aka haife shi. Ubansa manomi ne mai 'yan awaki, uwarsa tana suyar ƙosai. Ni karatuna bai yi nisa ba, na bar sakandare na koma koyon rubutun allo da lambar mota. Shi ya wuce har Ƙauran Namoda, ya yi difloma a kan harkar kasuwanci. Wannan bai raba mu ba. In ya zo hutu, shagon maigidana yake fara sauka kafin ya wuce gida, ya zauna a kan gwangwanin fenti yana ba ni labarin abin da aka koya musu, yana yi yana rufe baki da hannu in dariya ta zo masa, don yana jin kunyar wushiryarsa.

Akwai wani hali da Allah ya yi shi da shi tun yana yaro: ba ya iya wuce mai sayar da kaya bai sa baki ba. Sai ya tsaya gaban mai tireda ya ce, "Baba, da ka matso da sukari kusa da ganyen shayi, wanda yaz zo sayen ɗaya sai shi tuna da ɗayan." Ya ce wa mai lemo ya juya masu kyau su kalli titi. Ya ce wa mai atamfa ya daina jibge kaya cikin duhu kamar wanda ya sato su. Wasu su yi godiya, wasu su kore shi. Wani mai rake a bakin tsohuwar kasuwa ya taɓa rantse masa cewa in ya ƙara taɓa masa kaya zai fere shi tare da raken. Dini ya ba shi haƙuri, washegari ya dawo ya tarar mutumin ya jera raken yadda ya faɗa masa. Ya sayi gaɓa biyu ya wuce, amma ranar har yamma yana murna kamar an yi masa kyauta.

Da ya gama karatu ya sami aiki a sashen sayar da kaya na wani kamfanin sarrafa auduga a Gusau. Ya auri Huseina, suka kama haya a Tudun Wada, Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu. A kamfanin ne ya haɗu da Gidiyon, akanta, wanda iyayensa mutanen kudancin Kaduna ne amma a Sabon Garin Gusau aka haife shi. Gidiyon mutum ne mai sanyi, mai tabarau, sai ya auna magana kafin ya furta ta. Dini yana ce masa Fasto don ba ya fara'a, shi kuma yana ce wa Dini Rediyo. Da kamfani ya fara tangaɗi aka rage ma'aikata, takardar sallama rana ɗaya ta same su.

Suna cikin wannan zaman ne aka ba Zamfara jiha, Gusau ta zama babban birni. Wanda bai ga garin nan a watannin farko ba ba zai gane irin zumuɗin da aka yi ba. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da iyalansu, 'yan kwangila suka cika masaukai, kuɗin haya ya tashi, ko'ina ana fasa bango ana fitar da shago. Dini ya kasa zama. Ya ce duk mutanen nan za su ci, za su sha, za su ɗinka, ga 'yan kasuwarmu suna zaune suna jiran mai saye ya faɗo musu kamar yadda kakanninsu suka yi. Ya ce abin da garin yake buƙata shi ne ofishin da ɗan kasuwa zai shigo ya faɗi damuwarsa, a duba masa lissafi, a nuna masa yadda zai tallata kayansa, ya biya kamar yadda ake biyan tela ko likita.

Gidiyon ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya yarda. A shagona na Tudun Wada aka ƙulla abin, bayan la'asar. Dini ya ɗauko kawunsa daga Nahuce, Gidiyon ya zo da wani dattijo daga cocinsu, don su zama shaidu. Aka yi magana a fili: kowa ya zuba abin da ya samu na sallama, Gidiyon ya riƙe lissafi da takardu, Dini ya riƙe baki da ƙafa, riba a raba biyu, hasara ma haka, kuma wanda zai fita ya faɗa wa ɗan'uwansa da wuri. Kawun ya saurara har aka gama, yana murza goro a magogi.

"To na ji. Yanzu mi za ku riƙa saidawa?"

"Shawara, Kawu."

"Cikin buhu take ko cikin kwali?"

"Cikin kai take, Kawu."

"Ni tun kahin a haihe ka nike ba mutane shawara, ban taɓa ganin an auna ta da tiya ba." Ya juya ga dattijon cocin. "Ku can wajenku ana sayen ta?"

"Mu ma dai kyauta muke ba da tamu, kuma ba a ɗauka," in ji dattijon.

Aka yi dariya, kowane dattijo ya yi addu'a irin tasa, aka watse. Suka kama shago ɗaya a hanyar kasuwa, suka sa tebur da kujeru biyu da benci da tsohuwar tafireta. Ni na rubuta musu allo, shuɗi da fari: Dini da Gidiyon, Masu Ba da Shawarar Kasuwanci da Tallata Kaya.

Mutane sun zo, ba a ce ba su zo ba. Mutum zai shigo ya yi sallama, a gaisa, a tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce shagonsa ya tsaya. Dini ya zuba masa duk abin da ya sani. Mutumin ya miƙe ya ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ji ƙan mahaifa, ya sa takalmi ya tafi. Ba cuta yake nufi ba. Shi a saninsa ya je wurin mai ilimi ya yi tambaya an ba shi amsa, kuma ya biya da addu'a, wadda ta fi kuɗi. Da Gidiyon ya ga haka ya ce daga yau sai an biya kafin a buɗe baki. Sai mutane suka daina shiga ofis, suka koma tare Dini a ƙofar masallaci, a wurin suna, har a hanyar dawowa daga maƙabarta. Shi kuwa ba ya iya duban sa'an ubansa ya ce masa sai ka biya.

"Rediyo," in ji Gidiyon, "kai kaɗai na sani mai shagon da ke bin mutane har masallaci shina raba masu kayanai."

"Fasto, talla ce. In sun ga amfani za su dawo."

"Za su dawo masallacin, ai."

Amma ba wannan ne ya kashe ofishin ba. Akwai waɗanda suka biya, kuma suka ga amfani. A wurinsu ne Dini ya ci karo da abin da ba a koya masa a makaranta ba.

Ta farko Iya Tambaya ce, wata dattijuwa a Nahuce mai matsar man gyaɗa. Dini ya sa ta daina aunawa da ludayi a kasuwa, ta riƙa wanke kwalabe tana durawa, a toshe baki da kyau, a manna 'yar takarda, a kai gidajen sababbin ma'aikata a Gusau inda matan suke neman mai mai tsabta. Kafin damina ta faɗi ta ƙara mata biyu masu taya ta aiki. Dini ya je ya roƙe ta izini ya riƙa ba da misali da ita in ya je wurin wasu. Tsohuwar ta kama hannunsa ta ja shi cikin ɗaki.

"Ɗana, ka rufa man asiri yadda Allah ya rufa maka. In anka ji na samu, rabin garin ga rance za su zo, sauran rabin baki za su sa man. Kar ka ƙara kiran sunana ko ga matarka."

Ya yi mata alkawari, kuma ya riƙe har ya bar duniya. Ni ma sai da ita da kanta ta faɗa wa Huseina a wurin zaman makoki na ji, ta ce yanzu ba komai.

A hanyar dawowa daga Nahuce ran nan Dini ya gane inda matsalarsu take. Magini yana da bangon da zai nuna, tela yana da riga a jikin mutane, ni ina da alluna a bakin titi. Su ba su da abin nunawa sai bakin wanda suka yi wa aiki. Abin da suke buƙata bai wuce mutum ɗaya ba, ɗan kasuwa mai suna, ya tsaya a gaban 'yan'uwansa ya ce, na je wurin yaran nan, na biya, kuma na ga amfani. In aka samu wannan, sauran za su biyo. In ba a samu ba, ofis ba zai kai ko'ina ba. Daga ranar abin da Dini ya sa a gaba ke nan.

Sai ga saƙo daga Tsafe. Alhaji Mamman Sani mai gidan burodi a bakin titi yana son ganinsu, amma ba zai zo ofis ba, kuma in sun zo kada su tsaya a gaban shago, su zagayo ta baya inda ake tara itace. Can suka same shi a kan turmi. Ya ce gidajen burodi sun yi yawa a kan titin, kowa irin na kowa yake yi, nasa yana kwana.

Dini bai ba shi amsa ranar ba. Ya yi kwanaki yana zuwa Tsafe, ya sami inuwa a tsallaken titi ya zauna yana kallon motoci. Abin da ya gano shi ne, fasinja ba shi ne mai zaɓar inda za a tsaya ba, direba ne. Kuma yawancin masu sayen burodi a hanya ba ci za su yi ba, tsaraba za su kai gida, tsaraba kuwa tana son suna, don a ce ga abin da na riƙo muku daga wuri kaza. Sai ya ce wa Alhaji ya shimfiɗa tabarmi a gaban shago, ya jera butoci da randar ruwan sanyi, duk direban da ya tsaya a miƙa masa burodi ɗaya kyauta. A gyara lokacin gashi yadda motocin safe za su tarar da shi da zafinsa. A daina sa shi a farar leda, a buga leda mai ja da suna. Gidiyon ya zauna ya fitar da yadda za a yi duk wannan ba tare da an rage wa burodin girma ba. Sunan kuwa a cikin mota ya zo wa Dini, suna dawowa Gusau: Abokin Tafiya. Ni na zana hoton da aka buga a ledar.

Kafin shekara ta zagayo, in ka zo Tsafe da safe sai ka ga motoci sun yi layi a gaban shago ɗaya. A Gusau in mutum zai yi tafiya sai yara su bi shi suna cewa ya riƙo musu Abokin Tafiya. Alhaji ya biya su hakkinsu cif, bai rage ko kwabo ba, amma a bayan gidan burodin ya miƙa, kusa da itace.

Ofis kuwa yana nan shiru. Ga wahalar man fetur ta shigo, zuwa ƙauye ya zama aiki. Gidiyon yakan wuni yana goge tafireta. Wan Ladi, matarsa, ya samo masa aiki a wani kamfani a Kaduna, ya faɗa wa Dini a fili kamar yadda suka yi alkawari. Dini ya roƙe shi ya dakata. Ya ce Alhaji Mamman Sani yana gina gidan burodi na biyu a Bunguɗu, za a yi taron addu'a ranar buɗewa, manyan 'yan kasuwar Gusau da Tsafe duk za su zo. In Alhaji ya ambace su a wurin, an gama.

"Ya ce zai ambace mu?" in ji Gidiyon.

"Na roƙe shi."

"Mi yac ce?"

"Ya ce Allah shi kai mu."

Gidiyon ya cire tabarau ya dube shi. Dukansu sun san abin da wannan amsa take nufi a bakin ɗan kasuwa. Amma ya ce zai jira.

Mu uku muka je, ni da Dini da Gidiyon. Dini ya sa farar shaddarsa ta sallah, Huseina ta sa aka buga masa ita. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, manyan mutane a gaba, mu muna can wajen tsakiya. Malamai suka yi addu'a. Sannan Alhaji ya miƙe zai yi godiya. Ya gode wa Allah. Ya gode wa iyayensa da suka yi masa tarbiyya. Ya gode wa malaman da suka tsaya masa da addu'a, ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Ya gode wa maginin da ya yi ginin, da shugaban direbobi, da masu kwaɓa fulawa, har da mutumin da yake kawo masa itace a jaki, wanda aka yi ta yi wa dariya don ya miƙe yana ɗaga hannu. Duk sunan da aka kira sai Dini ya ƙara gyara zama. Ina jin numfashinsa a kusa da ni. Alhaji ya ce wanda bai ji sunansa ba ya yafe masa, aka shafa fatiha. Aka bi layi ana raba burodi, aka ajiye wa Dini nasa a cinya.

Mutane na watsewa aka zo aka ce Alhaji yana kiransa ta baya. Muka bi shi, muka tsaya daga nesa kaɗan, amma muna ji. Alhaji ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Malam Dini, na san abin da kaka so, kuma na san abin da kay yi man. Allah ma ya sani. Amma ka duba. In na tashi gaban mutanen ga nac ce dabarar ga sayo ta niy yi, gobe maƙwabcina shina ofishinku, ku saida mai irin tawa."

"Ba za mu ba shi irin taka ba, Alhaji. Kowa da tashi."

"To bar wannan. Ni shekara nawa ina kasuwa? A ce Mamman Sani sai da yaz zo wurin yaran boko sunka koya mai saida burodi? Wa zai ƙara ba ni fulawa bisa amana? Ka taɓa ganin wanda yaj je wurin mai magani ya hito shina shela? Mutum shina zuwa, shi warke, shi yi shiru."

"Kalma guda ce, Alhaji."

"Ita ce ba ni iyawa. Roƙe ni wani abu."

Dini bai roƙi komai ba. Ya yi godiya, ya ce Allah ya sa albarka a sabon wuri. Muka shiga mota muka dawo Gusau.

Gidiyon ya tafi bayan sati biyu. Ba su yi faɗa ba. Suka sayar da tafireta da tebur suka raba, Dini ya taya shi ɗaure kaya a saman mota, ya ɗauki ƙaramin ɗansu ya miƙa wa Ladi ta taga.

"Rediyo, zo mu tai Kaduna. Can ana sayen irin kayanka."

"Fasto, can ba su buƙata ta. Nan ne anka buƙace ni."

"Nan ɗin ba su son a gan su da kai."

"To ai shi ne."

Da haya ta ƙare mai shago ya ba wani mai sayar da kaset wurin. Dini ya koma yawo da 'yar jaka, kasuwa zuwa kasuwa, Bunguɗu yau, Tsafe gobe, yana neman mutum ɗayan nan. Ya rame. Ya rage zuwa majalisa, don an fara yi masa ba'a, in ya doso a ce ga mai saida iska nan. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wasu daga cikin masu dariyar ya san su, ya san ta ƙofar da suka kira shi, ya san abin da ya gyara musu, kuma ba zai faɗa ba. Huseina ta fara ɗinkin hula don a samu na cefane. Na yi masa maganar ya zo mu haɗu a shagona, ya riƙa samo mini aiki. Ya ce zai duba. Bai duba ba.

A Nahuce muka binne shi, kusa da ubansa. Gidiyon ya zo daga Kaduna, ya zauna tare da mu a kan tabarma har aka share makoki. Ran sadakar uku sai ga motar Alhaji Mamman Sani. Ya sauke buhun shinkafa da na gero, ya aika wa Huseina da abin da ya aika, ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa. Kawun Dini, wanda bai san shi ba, ya yi masa godiya ya ce, "Alhaji, ashe kun san marigayi?"

Wurin cike yake da mutane. Alhaji ya dubi tabarma.

"Mun saba dai bisa hanya. Yaro ne mai ladabi."

Gidiyon ya tashi ya zagaya bayan zaure, ya daɗe bai dawo ba.

Ran da abin zai faru, da safe, Dini ya biyo ta gareji kafin ya shiga mota. Ya same ni ina haɗa fenti. Ya ce Alhaji ya aiko a kira shi, wai maƙwabta sun buga jar leda irin tasa, sun shimfiɗa tabarmi su ma, ciniki ya fara rabuwa.

"Kuma za ka?" na ce.

"Za ni. Amma wanga karo da sharaɗi. Ba ni buƙatar shi ce komi. Mu zauna bisa benci gaban shago, inda kowa ka ganinmu, in faɗa mai abin da zai yi. Shi ke nan."

"Ba zai yarda ba, Dini."

"Na sani."

"To mi za ka je yi? Ga kuɗin mota sun ninka."

Ya tsuguna kusa da ni, ya ɗauki wani tsinke yana juya mini fentin. Ya ce ya riga ya san abin da ya kamata Alhaji ya yi, tun jiya abin yake yawo a kansa, ya hana shi cin abinci. Ya ce burodin mutumin yana da kyau, bai kamata a bar shi ya faɗi ba. Can aka fara kiran Tsafe, saura mutum ɗaya. Ya miƙe ya karkaɗe riga.

Na ce, "In ya ƙi benci, ya ce ka zagayo ta baya fa?"

Ya tsaya yana kallon motar.

"Sai in zagaya mana, Shu'aibu. In ban ba shi ba, wa zan ba?"

"To Allah shi tsare hanya."

"Amin. In ka tashi ka biya gida, ka ce ma Huseina kar ta jira ni da abincin rana."